Yadda Ɗaga Ƙarfe Ya Kai Ni Turu

Ko da zan manta ranar aurena, wallahi ba zan manta ranar da dangina suka sa ni a turu ba, da hankalina garau, da tef ɗin awo rataye a wuyana. Yanzu idan jikokina suka leƙo bayan gida suka ga tsoho ya tsuguna yana kokawa da ƙarfe, sai su yi ta ƙyalƙyala dariya. Ku yi abinku, ja'irai. Ku dariya kawai kuke yi, kakanninku sarƙa suka ɗauko.

A lokacin ni tela ne a Birnin Gwari, ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba. Shagona yana bakin hanyar da manyan motoci ke bi, da keken ɗinki biyu a ciki, nawa da na ƙanena. Ni na koya masa ɗinki tun yana ƙarami. Da ya ga sa'o'insa suna shiga soja, sai ya ajiye allura ya bi su, kuma bai dawo ba. Ko gawarsa ba mu gani ba, wani abokinsa ne ya kawo mana labari. Na samu tsohon zane na rufe kekensa, na koma kan nawa.

Daga nan sai na zama mutumin kirki. Haka dai gari ya ce. Na daina hira, na daina dariya, na daina zuwa kallon dambe. Daga shago sai masallaci sai gida, in zauna in zuba wa bango ido. Abinci ina ci, ba don ina jin daɗinsa ba, sai don an ajiye a gabana. Tumbi ya fito, baya ya riƙe, ruku'u ma sai na yi nishi, barci kuwa ya yi ƙaura. Mutane suna wucewa suna cewa, "Kai, Tela akwai tawakkali! Dubi natsuwa, dubi yadda ya yi ƙiba." Baffana, wanda shi ne babba a gidanmu tun rasuwar mahaifina, har misali yake yi wa 'ya'yansa da ni.

Abu ɗaya ne yake iya tayar min da rai a wannan lokaci, shi ne sakacin maiɗakina. Mace mai tsari, sai ga ta ta koma sarauniyar mantuwa. Igiyar guga kullum tana gidan maƙwabta, wai an ara. Wuƙar yanka kaza sai an yi cigiya. Askata kuwa ɓat, sama ko ƙasa, dole na koma zuwa wurin wanzami. In na yi faɗa sai ta ce, "Yi haƙuri, Malam," gobe kuma igiya ta sake tafiya aro.

Rannan wani tsohon soja ya shigo shagona. Bagwari ne, Kirista, daga wajen Saminaka, yana facin taya a bayan tasha, kowa Kofur yake ce masa. Wando ya kawo in buɗa masa wajen cinya. Ya dubi keken da na rufe, ya dube ni. Can ya ce, "Tela, na san wannan idon. Na gan shi a bariki, na gan shi a madubi. Ka zo bayan tasha in an yi la'asar."

Na ce, "In yi me?"

Ya ce, "Ka ɗauki kaya."

Na ce, "Ni ka ga na yi kama da ɗan dako?"

Ya ce, "A'a. Ɗan dako ya fi ka lafiya."

Haushi ne ya kai ni, ba biyayya ba. Na je in ga abin da wannan mara kunya yake taƙama da shi. Abin da na tarar, sandar ƙarfe ce ta ƙarƙashin wata matacciyar mota, an cusa kowane gefe cikin garwar kananzir da aka cika da siminti, ga ƙanana ga manya, sai wani benci da ƙafarsa ɗaya dutse ce. Wai a bariki ya koyo. Ɗauka iri uku ce: ka aza a kafaɗa ka tsuguna ka miƙe, ka kwanta a benci ka tura sama, ko ka ɗago daga ƙasa har ka tsaya cak. Shi ke nan ilmin, babu ƙari.

Ya ba ni sanda tsura, babu ko garwa ɗaya. Na aza, na tsuguna, sai na ji ɓarrr! Wandona ya rabe gida biyu, wandon da na ɗinka da hannuna, ni da nake cika baki cewa ɗinkina ba ya warwarewa. Ga ni tsugune na kasa tashi, iska tana shiga inda ba a gayyace ta ba. Kofur ya faɗi ƙasa yana dariya. Sai na ji wani sauti yana fita daga bakina, na ɗan jima kafin in gane ni ma dariyar nake yi. Rabona da ita tun ranar da aka kawo labarin ƙanena.

Na koma washegari da wando mai faɗi, na kuma koma jibi. Kofur ba ya wa'azi, ba ya cewa a yi haƙuri, tsawa kawai ya iya. "Miƙe bayanka! Ƙafa ce ke ɗauka, ba baya ba! Ja numfashi, riƙe! Ajiye a hankali, ba jifa aka ce ka yi ba!" Mu shafa toka a hannu don kada gumi ya sa ƙarfe ya suɓuce, mu ɗaga, mu yi gurnani, mu ajiye. Abin da na gano shi ne, idan garwa biyu na siminti suna kan wuyanka, ba ka da sararin tunanin komai a duniya sai yadda za ka miƙe. Wannan ɗan lokacin ne kaɗai kaina yake hutawa, kuma a hankali hutun ya fara bina gida.

Kafin damina ta zagayo, barci ya dawo har da minshari. Baya ya saki, ina yin sujada in tashi ba tare da na dafa bango ba. Tumbi ya tattara ya tafi. Tuwo kuwa, maiɗakina sai da ta sauya tukunya. Na fara waƙa a kan keke. Wata safiya na yaye zanen nan daga keken ƙanena, na zuba masa mai, na yi kukana na ƙoshi, sannan na hau shi na ɗinka riga.

To a nan ne gari ya ce Tela ya haukace.

Kada ku ga laifinsu da yawa. A wurinmu kowa ya san kaya. Matan ƙauye suna ɗauko itace da doya a kafaɗa, 'yan dako suna fama da buhu, manomi da dami. Amma kaya daga wani wuri ake ɗaukarsa a kai shi wani wuri, kuma duk wanda Allah ya rufa wa asiri, abu na farko da yake yi shi ne ya daina ɗauka. Darajar tela ita ce zama. Sai ga magidanci mai sana'ar inuwa ya tuɓe daga shi sai singileti, ya shafe hannu da toka, ya ɗaga ƙarfe yana gurnani, ya mayar da shi daidai inda ya same shi. Ga tumbi ya zube, wanda a zamanin shi ne shaidar an samu. Ga dariya ba dalili. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce aljanin da Kofur ya kwaso a fagen yaƙi ne ya samu sabon gida. Mutane suka fara zuwa suna karɓe yadinsu, wai sun fasa ɗinkin. Wa zai bar wa mahaukaci shadda, ga almakashi a hannunsa?

Wata safiya Baffa ya zo shago da fara'a, wadda tun daga nan ya kamata in sha jinin jikina. Ya ce wani mai hali a wani ƙauye gaba da Tabanni zai aurar da 'ya'ya, yana son a auna mutanen gidansa kaf. Na rataya tef, na ce bismilla. Ya taho da 'ya'yansa biyu, ƙarti majiya ƙarfi, wai za su taya ni riƙe yadi. Mota ta sauke mu a mararraba, muka shiga daji a ƙafa, muna ratsa kaɗanya da ɗorawa, muna gaisawa da Fulani masu kiwo. Ni ne a gaba ina fito, Baffa a baya yana haki. Duk lokacin da na waiwaya na ce ya kawo jakarsa in riƙe masa, sai ya dubi 'ya'yansa ya girgiza kai.

Gidan da muka isa ba ya kama da gidan biki. Warin hayaƙin magani ne ya fara tarbarmu, sannan na hango wani bawan Allah a gindin bishiya, da sarƙa a ƙafa, yana ba tunkiya labari. Kafin in ce "Baffa, ina ne nan?" ƙartin nan sun riƙe ni tamau, wasu biyu sun fito daga zaure sun kama musu. Na ce, "Jama'a, lafiyata ƙalau!" Wani daga cikinsu ya ce, "Haka kowa ke cewa."

Mai maganin wani tsoho ne siriri, mai magana a hankali. Aka zaunar da ni a gabansa, ya ce, "Samari, an ce kana ɗaukar ƙarfe."

Na ce, "Ƙwarai, Malam."

"Ina kake kai shi?"

"Ba na kai shi ko'ina."

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa."

"To idan ka ɗaga, sai me?"

"Sai in ajiye."

"Idan ka ajiye fa?"

"Sai in sake ɗagawa."

Ni kaina da na ji amsoshin sun fito a jere, sai da gabana ya faɗi. Tsohon ya juya ya ce wa yaransa, "A kawo turu."

Ga wanda bai sani ba, turu gungumen itace ne da ake ɗaure mahaukaci a jikinsa don kada ya gudu. Nawa na maɗaci ne, mutum uku suka jawo shi a ƙasa suna nishi. Suka sa min mari a ƙafa, suka ɗaure sarƙar a jikin gungumen, suka bar ni a tsakar gida. Na ji suna cewa bayan la'asar za a aske min kai, a turara ni, in aljanin ya yi gardama a haɗa masa da bulala. Bulalar ba ta dame ni ba kamar kwanan. A garinmu wanda ya kwana a turu ko sau ɗaya ne, sunan ya bi shi har kabari. Ba mai sake kawo masa ɗinki, ba mai karɓar shaidarsa, iyayen matarsa ma suna da bakin cewa a ba su 'yarsu. Na san in rana ta faɗi ina wurin nan, na gama zama Tela, na koma mahaukacin nan da yake ɗinki a da.

Na yi roƙo, na yi rantsuwa, na karanto surori don su ga kaina daidai yake. Baffa yana zaune a inuwa yana share hawaye, yana cewa, "Ka ji ko? Har karatu yake yi. Yi haƙuri, ɗan nan, don kanka muke yi." Ni kuwa rana ta take, inuwa ta gudu ta bar ni, ga cinnaku sun gano ni. Na ce a matsar da ni gindin bishiya, aka ce masu jan turun sun tafi gona.

Sai na dubi gungumen nan da kyau. Wallahi ban yi niyyar nuna wa kowa komai ba, zafi ne ya ishe ni. Na gyara tsayuwa, na tsuguna, na zura hannu ƙarƙashinsa, na miƙe baya, na ja numfashi na riƙe, har ina jin tsawar Kofur a kunnena. Ya taso. Na rungume shi a ƙirji, na taka a hankali sarƙa tana ƙara, har gindin bishiya. Wata kaza da 'yan tsakinta suna kiwo a wurin, na tsaya da shi a hannu sai da suka wuce, sannan na sauke shi, na zauna a kai na ce wash.

Da na ɗaga kai, tsakar gida ba kowa. Ƙartin Baffa sun haye danga. Baffa yana bayan rumbu yana salati, yana ihu, "Kun gani! Kun gani da idonku! Wannan ƙarfin mutum ne?" Mai ba tunkiya labari ne kaɗai ya tafa min. Wato na yi amfani da lafiyata na tabbatar musu da haukata. Aka tura gona a kira mutane, a zo da babban turun da ake ajiye wa na musamman.

Ana cikin haka sai ga sallamar mace. Maiɗakina ce, ta ci ɗamara da mayafinta, ƙafafu duk ƙaya, Kofur yana biye da ita can baya. Ashe matar Baffa ce ta kasa riƙe bakinta. Ita kuwa da ta ji, ta fita ba ta nemi izinin kowa ba, ta je har bayan tasha ta samu mutumin da ba ta taɓa yi wa magana ba, ta ce ya raka ta.

Wannan mata, tun da na aure ta ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi fuskar Baffa ba. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba, ta gaida mai magani, sannan ta ce, "Baffa, a gafarce ni, yau zan yi magana. Lokacin da kuke cewa yana da tawakkali, kun san inda igiyar gugarmu take kwana? Wata safiya na fito na same shi a bakin rijiya, igiya a hannu, ba kuwa ruwa yake ja ba. Tun daga ranar nake kai ta maƙwabta. Ni na ɓoye wuƙa, ni na ɓoye aska. Ya yi ta min faɗa, na ce na ji. In ya tafi shago ba na iya haɗiyar ruwa sai na ji sallamarsa. A lokacin ba wanda ya zo ya ce me ke damunsa, yabo kawai ake yi. Yanzu da yake ci, yake barci, yake tsokanata, yanzu ne kuka ɗauko sarƙa?"

Ni kuwa nan take na tuna safiyar. Na ɗauka ba wanda ya gan ni.

Ta kwance bakin zanenta, ta fito da wani abu naɗe a tsumma, ta taso ta zo har inda nake zaune a kan turu. Askata ce. Ta kamo hannuna ta sa min ita a tafi, a gaban kowa, ta ce, "Ga askarka, Malam. Igiya ta daɗe da komawa bakin rijiya, wannan ce ta rage." Ƙartin Baffa da suka fara dawowa suka sake ja da baya. Ita ko gezau, tana durƙushe a gabana. Na sa askar a aljihu, na rufe fuska da hula, na yi kuka kamar yaron da aka yaye.

Mai magani ya gyara murya ya ce, "Na tsufa a wannan aiki. Na ga masu fizgar turu, na ga masu cizonsa, amma ban taɓa ganin wanda ya tsaya da shi a hannu yana jiran 'yan tsaki su wuce ba. Tun a nan na fara shakka. Ku kwance shi." Baffa ya buɗe baki, tsohon ya ce, "Malam, ka ji abin da yarinyar nan ta faɗa. Ciwon ya zo ya wuce kuna barci." Da muka zo fita ya ja Kofur gefe, ya dafa ƙugu, na ji yana tambaya ƙasa-ƙasa ko abin nan namu yana yi wa tsofaffi.

Muka iso gari kafin magariba, ban kwana a turu ba. Yadin da aka karɓe ya dinga dawowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da ƙaryar da ya shirya. Baffa bai taɓa cewa in yafe masa ba, Allah ya jiƙansa, ba ya cikin halinsa. Amma da kaka ta yi sai ya aiko a kira ni, ya nuna min buhunan dawa, ya ce, "Tunda ɗaukar kaya kake so, ga wanda ake kaiwa wani wuri." Na kwashe masa su tas. Bayan wani lokaci na kama babban ɗansa, ɗaya daga cikin masu haye danga, a bayan tasha da toka a hannu.

Abin da na koya a ranar nan ban same shi a wurin kowane malami ba. Shirun mutum ba lafiya ba ne, kuma idan ɗan uwanka ya yi tsit bayan rashi, kada ka tsaya yabonsa, je ka zauna kusa da shi ka tambaye shi. Jiki kuma ba don zama aka yi shi ba, ko kai tela ne ko akawu. Ka ba shi abu mai nauyi ya ɗaga da ƙa'ida, za ka ga baya ya saki, barci ya zo, zuciya ma ta samu inda za ta huta. Kofur ya daɗe da rasuwa, sandar ƙarfensa tana bayan gidana, ko da yake yanzu ƙananan garewani nake sa mata. Tsohuwar tawa kuwa har yau in ta ji na yi shiru da yawa sai ta leƙo ta ce, "Malam, yau ba za a je wurin haukan ba ne?" Sai in tashi in nemi toka.